Takardar da Na Ɗinke a Wandon Baffa

Shekarar da aka rufe gada ce, lokacin da manyan motoci suka yi layi tun daga bakin kogi har kan hanyar Gene, direbobi suna shanya riguna a kan madubi, albasa tana tsiro cikin buhu a saman kamyo, wato motar kaya. A shekarar nan na yi ɗinkin da ya fi kowane ɗinki nawa kyau, kuma shi ne wanda da ban yi shi ba da ya fi. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku samari da kuke tsayawa bakin rumfata kuna cewa ɗinki ai taka keke ne kawai, wata shida ya ishi mutum ya koya. Amma sai na fara da wando, don in ba ku san wando ba, ba za ku gane mutumin ba.

Ni telan maza ne, rumfata tana bayan layin masu albasa a kasuwar Malanbil. Shekara bakwai na yi ina apranti, wato koyon aiki, wurin Baba Nomau, mutumin Dogon Dutsi da ya sauka garin nan da kekensa a ka tun ba a haife ni ba. Shekarar farko ban taɓa keke ba. Gawayi nake hurawa a dutsen guga, in share ƙyalle, in zura mazagi a ƙugun wando. Kayan aikinmu ba su da yawa: keke baƙi na takawa, babban almakashi da ba a yarda a yanka takarda da shi ba, metir na awo, alli, kwalbar mai, sai reza ta warware kuskure. Baba Nomau ya sa na yi wata uku ina warware ɗinkin da shi ya yi, kafin ya yarda in haɗa ƙyalle biyu. Yakan ce wanda bai iya warwara ba, ɗinkinsa ma tsoro ne.

Da rana tsaka, in zafi ya sauka kasuwa ta yi likimo, ƙarar keke takan koma kamar ruwa yana bin ƙarƙashin jirgi. Yadi yana shiga ta gaba yana fita ta baya, kai kana zaune wuri ɗaya amma kamar tafiya kake yi. Nakan ga farar shadda tana malala daga kan tebur, in ji kamar kogi ne ya hauro ya zo gaishe mu. A irin wannan lokaci tsofaffi suke zuwa, sa'ar da ba kowa, ido ya yi nauyi.

Aikin da ya fara buɗe mini ido wanduna uku ne da wani dattijo mai sayar da kifi ya kawo, ɗaure a tsumma. Ya ce a cire mazagi a sa roba. Bai zauna ba, bai sha ruwan da na miƙa masa ba, ya juya ya tafi da sauri. Na ɗauki almakashi zan fara, sai Baba Nomau ya ce:

"Kai, mi ka gani?"

Na ce, "Wando uku, Baba."

Ya ce, "Makaho ma ya ga wando uku. Dattijo ba shi raba wando da mazagi don ado. Lokaci ne ya yi mai kaɗan. Kahin shi kwance ƙulli, ruwa ya riga shi. Duba gaban wandon."

Na duba. Gaban ya koɗe, ya fi sauran yadin laushi, don yawan wanki. Daga ranar na fara ganin abin da da ba na gani. Mutumin da duk ransa fari yake sawa, sai ya zo yana neman yadi mai duhu. Wanda yake zama sahun gaba, sai ka gan shi kusa da ƙofar masallaci. Wanda yake shan shayi kofi uku, sai ya ce ɗaya ya isa. Wani zai gyangyaɗa a kan bencinka da hantsi, don ya kwana yana tashi yana komawa. Tela yakan riga likita sani. Amma Baba Nomau ya koya mini cewa bakin tela shi ne ɗinkinsa na farko: ka gani, ka gyara, kada ka tambaya.

Shi kansa abin ya zo masa bayan na yi liberasiyo, wato an yaye ni daga koyo, da shekara biyu, ina nan dai tare da shi. Yakan zagaya bayan rumfa sau da yawa, ya daɗe, ya dawo yana tsaki. Ya sha saiwoyi iri-iri daga masu magani, wai sanyi ne. Ranar wata Talata da azahar fitsarin ya tsaya cak. Na same shi durƙushe jikin tebur, zufa tana ɗiga daga gemunsa, mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya. Muka ɗora shi a moto, wato babur, ni a baya ina riƙe da shi, har asibiti. Majo, wato babban mai jinya, ya sa masa siririn tiyo na roba ta hanyar fitsari, aka haɗa da jaka. Ina tsaye jakar ta cika, aka zubar, ta sake cika. Baba Nomau ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe Aljanna kusa take."

Likita ya karɓi goro ɗaya daga hannun wani mai jiran mara lafiya, ya nuna mana. Ya ce kowane namiji yana da ɗan nama kamar wannan a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari, su suna ce masa furostat. In shekaru suka yi nisa yakan kumbura, ya matse hanyar kamar yadda mazagi yake matse ƙugu. Ya ce ba ciwon sanyi ba ne, ba daga mace ake ɗauka ba, ba kuma jifa ba ne, tsufa ne kamar furfura. Wani ƙwayar magani ta ishe shi in ya zo da wuri. Wani sai an sa tiyo, daga baya a yi aiki a rage naman. Akwai kuma wanda nasa mugun iri ne, ciwon daji, shi ya sa ake ɗibar jini a duba. Duk wannan na ji shi da kunnena, na riƙe.

Aka sallami Baba Nomau da tiyo a jiki da jaka a hannu, aka ce ya jira ranar aiki. Ya shiga ɗaki ya ƙi fita. Juma'a shida ba a gan shi masallaci ba. Malamin unguwarmu ya je har gida ya faɗa masa mai lalura sallarsa ta yi, amma ya ce shi ba zai ratsa kasuwa yana riƙe da fitsarinsa kamar mai tallan man gyaɗa ba.

Wandon farko da na yi masa kuskure ne. Na ɗinka aljihu a ciki, a ƙugu, inda fatake suke ɓoye kuɗi. Ya sa, muka je asibiti, majo ya ɗaga rigar ya gani, ya dube ni ya ce, "Tela, a garinku ruwa yana hawa tudu?" Ashe dole jaka ta zauna ƙasa da mara, in ba haka ba abin da ya fita zai koma ciki da ƙazantarsa. Na dawo na warware. Na faɗaɗa ƙafar wando, na sauke aljihun har ƙasan gwiwa, jikin sha-raɓa, na shimfiɗa masa yadin lema don kada danshi ya ratso. Na sa shi a ƙafar dama, ta waje, saboda a zaman tahiya kan hagu ake zama. Na yi ƴan madaukai biyu a cinya da tiyo zai bi, don kada ya lanƙwashe in an yi ruku'u. A ƙasa, wajen idon sawu, na bar ɗan baki mai maɓalli ɗaya, mutum ya tsuguna ya buɗe ya zubar kamar kowa, ba wanda zai ce ga abin da yake yi. Sau biyar na ɗinka na warware. Na shidan Baba Nomau ya sa, ya yi taku goma a tsakar gida, ya durƙusa, ya miƙe, ya ce, "To, yau ka zama tela."

Wata biyu ya yi da wandon, duk wata yana zuwa a canza masa tiyo. Daga nan aka yi masa aiki a Paraku, aka cire tiyon, ya dawo yana fitsari kamar saurayi, yana ba tsararrakinsa labari har suna gudunsa. Ya ƙara shekara tara a duniya. Wandon kuwa bai yar ba, goronsa ya riƙa sawa a aljihun, wai ya fi sanyi. Daga nan sunan ya fito. Dattijo zai zo daga Garu, ko Madekali, ko ya ƙetaro daga Gaya, ya zauna a benci, mu gaisa, mu taɓa zancen shinkafa da cikar kogi, can sai ya dubi ƙasa ya ce, "Tela, wando nike so mai aljihun goro." Ni kuma in ce to. Ba na duban fuskarsa in ina awo. Metir yana ƙafarsa, bakina yana kan farashin albasa. Shekara goma sha wani abu ina wannan aiki, ban taɓa furta sunan ciwon ga mai wando ba.

Sai shekarar gada ta zo. Mutanen Gaya suka ragu, sai wanda ya iya shiga jirgi. Yadi ya yi wuya. Nakan yini ban taka keke ba, ina kallon inuwar rumfa tana tafiya daga ƙafar tebur zuwa bakin kwata. Motocin nan da suke tsaye suka zama kamar wani gari da ya yi barci da rana, tsuntsaye suna sheƙa a ƙarƙashin tampol. A cikin wannan shiru Baffa Umaru ya zo.

Bafillace ne daga wata ruga bayan Gene, dogo, siriri, da malfa da sanda. Ɗansa Bello ne ya kawo shi a moto. Ana zafi amma ya yafa bargo, hannunsa ɗaya a ciki yana riƙe da wani abu. Ya aiki Bello sayen gishirin shanu, ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya juyo gare ni.

"Kaɗo, kai ne mai goro?"

Na ce, "Ni ne, Baffa. Fari ko ja?"

Ya ce, "Wanda ba shi zuba."

Muka yi dariya, ya zauna. Ina awo yana ba ni labarin shanu. Ya ce yana yaro sukan ƙetare da garke zuwa tsibiri da rani, shi yana riƙe da wutsiyar bijimi, ruwa har wuya, ba abin da yake gani sai ƙahoni suna tafiya a kan kogi kamar kurmi ya tashi. Ya ce in ka kwanta a tsibirin da hantsi kana jin numfashin shanu, ba ka sanin ko kai ne kake mafarkinsu ko su suke mafarkinka. Abin da yake so ke nan: ya sake bin garkensa rani ɗaya da ƙafarsa, ba a bar shi a bukka da mata da maruƙa ba. Na ce Allah ya nufa. Na zaɓa masa yadi mai ƙarfi, ruwan ƙasa, wanda ƙaya ba ta saurin ci, na ce ya dawo kasuwa mai zuwa, zan yi masa guda biyu.

Da ya zo karɓa ya shiga bayan labule ya sa, ya fito ba bargo. Ya tsaya da hannu biyu a kan sandarsa da ya gicciya a wuya, irin tsayuwarsu, ya yi ta duban ƙafarsa. Can ya cire malfa, ya zaro wata takarda da aka ninke huɗu daga cikinta.

"Tela, saura aiki guda. Likita ya ce in riƙe wagga takarda kamar raina. Ya ce lahiyata tana cikinta. Ni kuwa mutumin daji ne, ga ruwa, ga iska, ga akuya. Ɗinke mini ita a ƙugu, inda ba ta ɓata."

Daga baya na ji yadda maganar ta iso kunnensa. Likitan ya yi bayani da Faransanci, Bello kuwa ya tafi sayen magani a lokacin. Wata mata da take jinyar mijinta ta juya maganar da Dandanci, wani direba ya juya ta da Hausa. Kafin ta ratsa baki biyu ta faɗi a hanya, abin da ya rage shi ne a riƙe takarda da kyau, lafiya tana cikinta. Wanda ya tashi yana ganin malam yana rubutu a ninke a ba dukawa su rufe da fata, me zai fahimta in ba laya ba?

Ni ma ban fahimci wani abu daban ba. Na buɗe ta na duba. Rubutu ne da shuɗin bik, wato biro, da hatimi a ƙasa. A lokacin ban san boko ba, lambobin metir kaɗai na sani. Na ga sha huɗu a wani wuri, lambar da nake gani kullum a faɗin aljihu, ban kawo komai a raina ba. Na mayar da ita yadda take, na naɗe ta a leda sau biyu, na ƙona bakin ledar da ashana ya manne. Na buɗe ƙugun wando ta baya, na kwantar da ita, na bi da keke layi biyu, sannan na bi da hannu da zare ninki huɗu, ƙananan ɗinki kamar ƙwayar gero, kowane kusa da ɗan'uwansa. Ko kogi ya shiga da ita ba za ta jiƙe ba. Baffa ya shafa wurin da yatsa, bai ji tudu ba, ya ce, "Kaɗo, hannunka na da albarka."

Bayan wata guda ya zo da ƙwaryar man shanu. Fuskarsa ta cika. Ya ce ya yi Juma'a a sahun gaba, ya raka shanu mashaya, ba wanda ya san komai ko cikin ƴaƴansa in ba Bello ba. Ya zauna ya sha shayi kofi biyu. Ranar na ji daɗin sana'ata.

Wata na uku ya kawo wando ɗaya a rage ƙugu. Yatsa biyu na rage. Ya ce tafiya ce, mai bin shanu ba ya ƙiba. Wata na huɗu ya kawo ɗayan a canza yadin lema na aljihu. Da na juya ƙafar wandon wani wari ya taso wanda ba na fitsari kaɗai ba. Da ya ɗaga ƙafa zan gwada, na ga tiyon ya yi duhu, da wani farin gari a cikinsa kamar kanwa. Na san na Baba Nomau bai taɓa yin haka ba. Na kuma san duk wata ake canza shi, ni nake kai Baba Nomau da kaina. Amma na ce a raina ai Bello yana kai shi, wa zai bar uba haka? Tambayar ta zo har bakina, sai na lanƙwasa ta yadda aka koya mini.

"Baffa, kana gaisawa da mutanen asibiti kuwa?"

Ya ce, "Ina gaishe su daga nan." Ya dafa ƙugunsa. "Takardarsu tana aiki."

Na yi dariya, na ɗauka ba'a ce. Shi yana da filako, abin da ke ƙasan cibiya ba ya hawa bakinsa. Ni ina da ladabin tela. Muka zauna mu biyu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, na rage masa ƙugu yatsa biyu kuma, ya tafi. Na bi shi da kallo yana ratsa tsakanin motoci, malfarsa tana rawa a cikin hucin rana har ta narke.

Wata na biyar, ranar Litinin wajen sha ɗaya, Bello ya tsaya da moto bakin rumfa bai kashe ba.

"Tela, taho da reza."

Na ce, "Lafiya?"

"Baffa na asibiti. Shi ya ce a kira ka."

Na same shi a kan gado yana rawar sanyi, an lulluɓe shi da bargon nan, idonsa a buɗe amma ba mu yake gani ba. Tiyon ya toshe kwana biyu, bai faɗa wa kowa ba sai da ya faɗi a bakin rijiya. An riga an cire tsohon an sa sabo, abin da yake fita cikin jakar kamar ruwan tsamiya. Majo yana ta tambayar ina takardar da aka ba shi ranar farko. Bello ya ce bai san da wata takarda ba. Baffa kuwa hannunsa yana kan ƙugu, duk wanda ya matso sai ya damƙe wurin, yana cewa, "Kaɗo ya rufe, Kaɗo ka buɗewa."

Na durƙusa gefen gado na ce, "Baffa, ga Kaɗo." Ya saki. Na juya ƙugun na fara warwara. Ɗinkin ya ƙi. Na yi shi don kada ya buɗu, bai kuwa buɗu ba. Kowace ƙwaya sai na sa bakin reza na ɗaga ta ita kaɗai, ga jikin mutum yana rawa a ƙarƙashin hannuna, ga majo a tsaye a kaina. Ta taga ina jin wani yana kiran ruwan sanyi, muryar tana zuwa daga nesa kamar daga ƙetaren kogi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na zaro ledar na yanka bakinta, takardar ta fito fes, ko ninkinta bai karye ba, shuɗin bik kamar jiya aka rubuta.

Majo ya karanta, ya juya mana da Hausa a hankali. A dawo ranar sha huɗu ga wata mai zuwa a canza tiyo. Daga nan duk wata. A ɗibi jini. In sakamako ya fito a tafi Paraku a yi aiki. Ya ninke ta ya ce:

"Wa ya ɗinke wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya dubi ƙugun wandon, ya dubi tarin guntayen zare a kan gado, ya ce, "Ɗinki ya yi kyau." Ya tafi haɗa ƙarin ruwa.

Kwana uku ana yi masa allurai kafin ya dawo hayyacinsa. Na rufe rumfa da la'asar na je. Yana jingine da bango, ya rame har malfar da ke gefensa ta fi fuskarsa faɗi. Ya aiki Bello neman fura, sannan ya ce:

"Tela, an ce an karanta layata. Mi ta ce?"

Na faɗa masa duka, ban lanƙwasa ba. Ranar ce na fara kiran tiyo da sunansa a gaban mai wando. Ya dubi rufi. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka sanyin ne ya dawo, ashe dariya yake yi.

"Ashe wasiƙa ce. Kirana ake yi, ni kuwa ina yawo da kiran a ƙugu."

Na ce, "Baffa, ni na rufe mata baki."

Ya ce, "Ni na ce ka rufe. Bar wanga zance. Bafillace da Kaɗo sun haɗu sun ɗaure takarda kamar maraƙi, to wa za a kai ƙara?" Ya lumshe ido. Na zaci barci ya yi, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa. "Ka ji su? Sun shiga ruwa. Wanga jan bijimin ne gaba. Kullum shi ka fara shiga."

Likita ya ce ƙazantar ta hau sama ta taɓa ƙoda, abin ya fi ƙarfin nan, sai Paraku. Bello ya sayar da shanu a kasuwar Gene, aka sa Baffa a mota ranar Asabar da safe. Wandona ne a jikinsa, ƙugun a buɗe ta baya, don bai yarda in mayar da ɗinkin ba. Ya ce a bar shi ya sha iska. Bayan kwana goma sha tara Bello ya dawo shi kaɗai, ya tsaya bakin rumfa da malfar a hannu. Ya ce ba a kai ga yin aikin ba, ƙodar ba ta tashi ba. Likitocin can sun ce naman ba mugun iri ba ne, irin na Baba Nomau ne, wanda ake ragewa mutum ya koma gida.

Har yanzu ina ɗinka wando mai aljihun goro, amma aikin ya canza. Yanzu aljihu biyu nake yi. Na biyun yana waje, a dama, ba maɓalli, ba murfi, na takarda ne. In dattijo ya zauna ya dubi ƙasa, nakan bari mu gama zancen shinkafa, sannan in ce, "Baba, yaushe aka sa tiyon, yaushe za a canza, ina takardar?" Wasu sukan tashi su ɗauki yadinsu, su ce telan ya yi rashin kunya. Mutum uku sun tafi haka ba su dawo ba. Saura sukan zaro ta daga hula. Na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya, muna zama bayan la'asar da allo da alli, shekarata ta biyu ke nan. Faransancin likita har yanzu ya fi ƙarfina, amma rana da wata ba sa wuce ni. Nakan karanta, in juya masa da kasuwa: kasuwa huɗu daga yau, ranar Talata. In rubuta sunansa da ranar a jikin ginshiƙin rumfa. Wanda kuma ya kawo wando a cire mazagi a sa roba, ina sa masa robar, amma ba ya tashi sai na nuna masa goro na faɗa masa abin da likita ya faɗa mana.

Taka keke kam wata shida ya ishe ku, ban musa ba. Sanin inda za ka yi shiru shekara bakwai ya ɗauke ni. Sanin inda shirun ya ƙare, wannan ba a rumfa na koye shi ba, kuma ga abin da aka biya. Ranakun asibiti huɗu, sun wuce a cikin ƙugun wando. Shanu bakwai, har da jan bijimin. Wando biyu, Bello ya ce ba wanda zai sa su. Ranin da aka ƙetare da garke ba shi. Da Baffa Umaru, mutum ɗaya.